Kashin Ƙuda a Gilashin Talabijin

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya mare ni a gaban baƙi, ranar Ƙaramar Sallah, a kan laifin da ban yi ba. Yayana ne ya ja mini. Daga ranar nake da buri ɗaya wanda ban faɗa wa kowa ba: in kunyata Yaya a gaban mutanen da ya kunyata ni, kuma Baba ya ji gaskiya da kunnensa tun yana raye.

Gidanmu yana Omdurman, a unguwar da kakanninmu suka ya da zango a hanyarsu ta Makka, zangon da har yau ba a tashi ba. Baba tela ne a kasuwa, Inna kuma tana saƙa huluna a gida. Mu biyu ne 'ya'yansu, ni da Yaya, wanda ya girme ni da shekara huɗu. A lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Tasha ɗaya ce a talabijin, ita ma in ka kunna, ko fareti ko waƙar yaƙi ko wani mai kaki yana faɗa mana yadda muke jin daɗi. Shi ya sa ranar da kawunmu ya dawo daga Jidda da injin wasa a cikin jakarsa, yaran layinmu suka mayar da gidanmu gidan biki.

Injin ɗan ƙarami ne, ana cusa masa kaset ta sama, yana da abin riƙewa guda biyu da muke kira hannu. Talabijin ɗinmu kuwa irin mai doron nan ce, gilashinta a kumbure, sai an ɗan buga mata gefe launi yake dawowa. Wasanni sun fi a ƙirga a kaset ɗin, amma ƙwallon ƙafa ce ta ɗauke hankalin kowa. Har yau ina rantsuwa cewa a wannan gilashin ciyawa ciyawa ce, 'yan wasan kuma suna da fuska. Hoton yana da ɗan dishi-dishi, gefen kowane abu ya narke cikin na kusa da shi, sai ido ya ƙarasa abin da babu. Ni har gashin baki nake gani a fuskar mai tsaron gida.

Dokar wasan ita ce wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Yaya bai taɓa miƙa nasa ba. Yana da wani bugu daga wajen da'irar gida, a karkace. Da ya kai ɗan wasansa wurin ya danna, mai tsaron gida sai ya faɗi can wani gefe kamar an tura shi. Yara sun gwada sun gaji, ba wanda ya gane wurin. Ni kuwa ba na samun hannu sai in babu kowa, shi ma don ya yi ta zura mini ƙwallo yana waƙa.

Jajibirin Sallar, Inna ta ce kada a bar komai a gidan nan da ƙura. Aka ba ni ɗakin baƙi. Na share, na kakkaɓe, na zo kan talabijin da tsumma mai ɗan danshi. A gilashin akwai ɗigo biyu baƙaƙe, ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama. Kashin ƙuda, mana. Gidan da ake shan shayi mai sukari safe da yamma, ina mamakin kashin ƙuda? Suka ƙi fita da tsumma, na sa farce na kankare su tas. Har na ja da baya ina kallon aikina ina jin daɗi.

Da la'asar ɗin Sallah 'ya'yan baffanmu suka tsallako kogi daga Bahri, su uku, sun zo da shirin karawa da Yaya. Babbansu ya ci shi. Aka ce tsautsayi ne, aka sake, ya ƙara cin shi. A karo na uku ƙaraminsu ne ma ya ci shi, yaron da ko riƙe hannu bai iya sosai ba. Ina tsaye bakin ƙofa da tiren zoɓo, cikin sabuwar rigata mai ruwan goro. Na ga Yaya ya tashi ya kai fuskarsa dab da gilashin, ya shafa hagu, ya shafa dama.

Ya ce, "Wa ya taɓa talabijin?"

Na ce, "Ni ce na goge ta." Da alfahari na faɗa, ina jiran yabo.

Sai ya fashe da ihu har da hawaye, wai na zuba mata ruwa a ciki, hoto ya goce, na lalata komai. Baba ya taso daga cikin manya a tsakar gida. Bai tambaye ni ko kalma ɗaya ba. Marin ya sa tiren ya kife, zoɓon ya wanke mini gaban riga. Ya ce daga yau in ya sake ganin hannuna a kan talabijin ko injin nan, sai na gane kurena. 'Yan Bahri suna ta ƙunshe dariya, wani ya ce, "Mai yi wa talabijin wanka." Sunan ya zauna daram.

Bayan kwana uku ɗigon nan biyu suka dawo, kowanne a inda yake, ba gaba ba baya, har suna ɗan sheƙi. Na tsaya ina kallon su da tsintsiya a hannu. Ƙuda ba ya auna wuri kafin ya yi kashi. Fenti ne. Yaya ne ya yi wa gilashin alama daidai inda zai tsayar da ɗan wasansa ya buga, ɗigo ɗaya na kafin hutun rabin lokaci, ɗaya na bayan an sauya gida. Duk gwanintar da ake yi masa kirari a kanta ke nan. Na gaya wa Inna. Ta ce Sallah ta wuce, in bar maganar. Baba kuwa ba na ko iya haɗa ido da shi a lokacin, balle in kai masa ƙarar ɗansa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Da motocin soja suka fara kwasar samari a tashoshin mota ana kai su horo, Baba ya yi kutun-kutun ya tura Yaya Jidda wurin kawu. Ni na gama sakandare cikin kayan makarantar nan masu zanen kakin soja, na zama malamar firamare, na yi aure a bayan layinmu. Injin wasan ya shiga akwati, talabijin mai doro ta koma ɗakin ajiya. Amma labarin bai tsufa ba. Duk zuwan da Yaya zai yi hutu sai ya ba da shi, kuma kullum da ƙari: shi ba a taɓa cin sa ba sai ranar da ƙanwarsa ta yi wa talabijin wanka da bokiti. Abin da asali tsumma ne, ya zama kofi, ya zama bokiti. Ranar bikina ya ba dangin mijina labarin, surukata ta riƙe shi. In na ɗauki tsumma a gidanta sai ta ce, "Ku ɓoye talabijin." Sai in yi murmushin dole. Ranar da 'yata ta fari ta dawo daga gidan kakanninta ta tambaye ni ko da gaske har sabulu na sa, ranar na yi ƙwafa na ce lallai abin nan ya isa.

Shekara goma sha tara bayan marin, Yaya da kansa ya aiko mini da makamin. Ana saura wata guda azumi ya turo wa Baba sabuwar talabijin mai faɗi marar doro, irin wadda a nan muke kira shasha. Ta kusa cinye bangon ɗakin baƙi. Ya bugo waya ya ce zai zo Sallah, a gaya wa 'yan Bahri su zo su ga abin da ake kira talabijin.

Na zaro injin daga akwati na sa a jaka, na hau bas zuwa kasuwar Suk al-Arabi neman wayar da za ta haɗa shi da shasha. Wani dattijo mai gyaran kayan lantarki ya juya injin a hannunsa yana dariya, ya ce ya fi shekara goma bai ga irinsa ba. Ya jona mini shi a wata shasha da ke shagon don in gani.  Ina ciyawar? Ina fuskokin? Tubala ne kawai masu launi, an jera su kan juna. Mai tsaron gidan da nake gani da gashin baki ashe 'yan murabba'ai ne guda nawa, kansa kamar akwatin ashana. Kuma duk 'yan wasan sun yi gajeru sun yi ƙiba, ƙwallon ta zama ƙwai.

Dattijon ya ce, "Malesh, sai haƙuri, ustaza, haka yake. An yi wasan nan ne don ƙaramin gilashi mai kusan kusurwa huɗu daidai. Ita shasha tana ja masa kunne hagu da dama don ya cika ta." Ya danna wani maɓalli a rimot, hoton ya tsuke ya dawo tsakiya da siffarsa ta asali, baƙin fili ya rage a gefe biyu. Ya sake dannawa, ya sake bajewa. Ya ƙara da cewa in lura, shasha tana ɗan jinkiri, in na danna sai bayan ƙiftawar ido ɗan wasa zai motsa. Na yi masa godiya fiye da yadda wayar ta cancanta.

Duk watan azumin nan, in na tashi daga makaranta gidanmu nake wucewa. Baba ya daina zuwa kasuwa, idanunsa sun yi rauni, bayan azahar yakan kwanta a inuwar tsakar gida. Ranar farko na shiga ɗakin ajiya na yaye zanen da aka rufe tsohuwar talabijin da shi. Ɗigon suna nan. Wa zai sake goge su bayan abin da ya same ni? Na jona injin, na buga mata gefe, launi ya dawo. Na kai ɗan wasa ƙarƙashin ɗigon hagu na danna, ƙwallo ta shige. Na sake, ta shige. Na zauna a ƙasa cikin ƙura ina dariya ni kaɗai, da azumi a bakina.

Sai na koma kan shasha. A nan ne munin hotonta ya yi mini rana. A tsohon gilashi ba ka iya ƙirga komai, dole ka dogara da ido ko da ɗigon fenti. A shasha kuwa kowane tubali yana tsaye shi kaɗai, gefensa a yanke. Ni kuma a gindin Inna na tashi, tun ina ƙarama nake ƙirga idon saƙar hula, kaza fari, kaza baƙi. Na riƙa ƙirga tubalan daga kusurwar farin layin gida har zuwa inda ɗan wasan ya kamata ya tsaya. Ko a tsuke hoton ko a baje shi, ƙirgen ba ya sauyawa. Abin da ya ba ni wahala shi ne jinkirin, sai da yatsana ya koyi dannawa kafin idona ya ce a danna.

Inna takan zauna a bayana da saƙarta, ba ta taɓa tambayata abin da mace mai 'ya'ya biyu take yi da wasan yara a cikin azumi ba. Wata rana ina ta bugawa ƙwallo tana dukan turke, sai na ji ta ce, ba tare da ta ajiye allura ba, "Bakwai ne, ba takwas ba. Kina ƙirgawa har da layin." Na rage ɗaya, ƙwallo ta shiga. 

Ranar Sallah da la'asar ɗakin ya cika. 'Yan Bahri sun zo, yanzu kowanne da tumbinsa da matarsa da yaransa. Mijina yana nan, surukata ma na tabbatar an gayyato ta. An zaunar da Baba a kujera kusa da shasha. Yaya yana cikin farar jallabiya yana ƙamshin turaren Jidda, yana nuna musu tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Ban jira da yawa ba. Wani ya tuna tsohuwar talabijin, Yaya ya gyara zama ya fara. A wannan karon har da tiyo.

Na bar shi ya kai ƙarshe, aka yi dariyar da aka saba. Sannan na ce, "Yaya, ai injin yana nan. Har yanzu yana aiki."

Ɗakin ya ɗauki sowa. Na jona shi, na danna maɓallin da dattijon ya nuna mini, hoton ya tsaya ƙarami a tsakiya yadda yake a da. Na ce, "A bar shi haka kamar na zamaninku, ko a cika shashar?" Na san yayana. Da ya bari a haka, wataƙila idonsa ya tuna wurin, don siffar filin ba ta sauya ba.

Ya ce, "Ya jama'a, ku ji ta! Na ɗauko shasha tun daga Jidda don in kalli baƙin bango? Cika ta, shi ke nan."

Na cika ta. Ya ce wa zai fara shan kashi. Na ɗauki hannu na biyu na zauna. Surukata ta ce a matsar da butar shayi daga kusa da ni, aka sake yin dariya.

Ya sami ƙwallo tun farko, ya ruga da ita inda jikinsa ya saba, kamar taƙi ɗaya daga gefen gilashi. Amma taƙi ɗaya a wannan bangon ba ko'ina ba ne. Ya buga, ta tafi wajen 'yan kallo. Ya ce hannunsa ne ya yi tsatsa. Na karɓa na gangara, ina ƙirgawa a zuci, bakwai, na danna. Mai tsaron gidansa ya faɗi can gefe. Babban 'yan Bahri ya miƙe tsaye ya ce, "Kai! Wannan ai bugunka ne!" Na ƙara ta biyu daga wurin. Yaya ya fara danna hannu da ƙarfi kamar zai fasa shi, 'yan wasansa suna kai sura bayan ƙwallo ta wuce. Gumi ya jiƙa wuyan jallabiyar. Ban tausaya masa ba ko na ƙwayar zarra, ban kuma sassauta ba. Da na ga ƙwallo ta biyar ta shiga, daɗin da na ji ban ji irinsa ba ko ranar da aka ba ni takardar malanta. Aka tashi biyar da nema.

Ya jefar da hannun ya ce, "Shashar ce! Ta ɓata wasan, ta ja filin, kuma tana makara. Wallai a tsohuwar talabijin ko ƙwallo ba za ki taɓa ba."

Gaskiya ya faɗa game da shashar, kuma ita nake jira ya faɗa. Na tashi na shiga ɗakin ajiya na rungumo mai doron, na ƙi yarda mijina ya taimaka mini. Na dire ta a tsakiyar ɗaki na juya gilashin wajen haske. Na kira 'yan Bahri na ce su matso su duba hagu, su duba dama, su sa farce su ji ko kashin ƙuda ne. Na faɗi komai daga farko, da tsumman, da ɗigon, da yadda suka dawo bayan kwana uku. Ban tsallake komai ba. Sannan na kankare ɗigon biyu a gabansu na ce, "Bismilla, Yaya, ga tsohuwar."

Bai ɗauki hannun ba. Ya yi wata 'yar dariya ya ce wasan yara ne, wa yake riƙe irin wannan. Ba wanda ya taya shi. Ƙaramin 'yan Bahri ya ce ashe shekara da shekaru da fenti ake cin su, matarsa ta bushe da dariya har da riƙe ciki. Surukata ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Na juya wajen Baba, don saboda shi na ɗauko talabijin ɗin.

Na ce, "Baba, ka ji?"

Ya ce, "Na ji. Ai na sani."

Na ɗauka ban fahimce shi ba. Ya ce, "Fentin keken ɗinkina ne. Tun kafin Sallar nan na gan shi yana ɗigawa da tsinken ashana."

Na ce, "To, Baba, ni fa?"

Ya murza carbi. Ya ce, "Yaro namiji yana kuka a gaban 'yan'uwansa maza. Dole a samar masa mafita. Ke ce a kusa."

A natse ya faɗa, kamar mai bayanin yadda aka yanka yadi. Duk daɗin da na ji ya zube, wani abu mai zafi ya maye wurinsa. Shekarun nan duka ina tanadin hujjar da zan kai wa mutumin da ya riga ni ganin ta.

Da aka tashi watsewa aka fara gaisuwar da muke yi kowace Sallah, inda kowa yake kama hannun ɗan'uwansa ya ce, "Afu wal afiya," wato a yafi juna, a amsa masa da an yafe don Allah da Manzonsa. Na amsa wa Yaya, don na riga na karɓi nawa a wurinsa. Na amsa wa surukata. Da na zo gaban Baba ya miƙo hannu ya ce, "Afu wal afiya, 'yata."

Na ce, "Ba yau ba, Baba."

Hannunsa ya tsaya a sama. Wata daga cikin matan ta yi salati. Na kama 'ya'yana muka fita.

Tsakanin Sallar nan da ta Layya, sau uku Baba ya dogara sandarsa ya zagayo layi zuwa gidana, shi da bai taɓa taka ƙofata ba tun da aka kai ni. Kowane zuwa na yi masa shimfiɗa, na dafa masa shayi, na raka shi har ƙofar gidansa. Zuwa na farko da na biyu ya maimaita kalmomin Sallah irin na kowa da kowa, na tambaye shi ko a ƙara sukari. A na uku ya daɗe yana juya kofin a hannunsa, sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Na zalunce ki."

Na ji shi sarai. Na ce, "Baba, ban ji ba."

Ya ajiye kofin ya sake faɗa.